Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Tsofaffin Abokai a Kalaba Cikin Damina

A Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, na yi bautar ƙasa, kuma na bar abokai a can, wasu Hausawa ne mazauna garin, wasu kuma 'yan ƙasa ne da muka yi aiki tare. Tun daga wancan lokaci na koma garin sau uku da motata, sau biyu a tsakiyar damina, shi ya sa duk wanda ya yi niyyar irin wannan tafiya daga cikin 'yan'uwa da abokan arziki yakan tare ni da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Da gaske ne ruwan Kalaba ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. A shekara garin yana samun ruwan sama kusan milimita 3,000, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba, wato abin da ke sauka a can ya ninka namu wajen sau uku. Amma yawan ba shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki ba, yanayin saukarsa ne. A Arewa hadari yakan haɗu a gabas, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya, yara su shigo gida, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, bayan sa'a guda ko biyu rana ta fito. A Kalaba sau da yawa babu wannan sallamar. Gari yakan wayi a lumshe, yayyafi ya fara ba tare da iska ba, ya yi ƙarfi, ya lafa, ya sake dawowa, har dare ya yi ba a ga rana ba. Abin da muke kira marka, wadda a wurinmu sai a watan Agusta ake ganin ta kwana ɗaya ko biyu, a can ita ce al'adar watanni da dama.

Akwai kuma gyaran da nakan yi wa masu tsammanin za su tsaya a kan rairayi su kalli teku. Garin yana zaune ne a kan tudu tsakanin kogin Kalaba da kogin Great Kwa, kusa da inda kogin Kuros ke buɗewa ya shiga Tekun Atalantika. Jiragen ruwa suna shigowa tasharsa, iskar teku da danshinta suna iso shi, amma abin da ido zai gani daga cikin gari kogi ne mai faɗi da kurmi a ɗaya gaɓar.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiyar?

Damina takan fara tun watan Maris ko Afrilu, ta kai har Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan ya fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba. Wanda yake son hanya busasshiya sai ya tafi a Janairu ko Fabrairu. Disamba ma babu ruwa sosai, sai dai watan bikin Carnival ne, na kaɗe-kaɗe da raye-raye a tituna, wanda gwamnatin Donald Duke, gwamnan jihar na lokacin, ta fara a 2004, kuma a kwanakinsa otal yana tsada, ana rufe manyan tituna, abokin da ka je dominsa kuma yana fama da wasu baƙin. Matsalar ita ce mafi yawanmu ba ma samun sarari sai a dogon hutun makarantu, wanda ya faɗo daidai tsakiyar ruwan. Ni ban taɓa ba kowa shawarar ya fasa tafiya saboda haka ba. Wanda ya je ganin gari shi damina ke cuta, wanda ya je ganin mutum kuwa takan yi masa amfani, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Wace hanya ake bi daga Kano, kuma kwana nawa take ɗauka?

Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma wanda ya ce zai yi ta a yini guda da iyali a mota, to bai tausaya wa kansa ba. Daga Kano ana iya bi ta Zariya da Kaduna a ɓulla Keffi, ko kuma a bi ta Jos, duka biyun su haɗu a Akwanga. Daga nan sai Lafiya, sai Makurɗi, inda za a haye kogin Binuwai, kuma a nan ko a Lafiya ya kamata a kwana. Washegari da sassafe a kama hanyar Gboko, a ratsa ƙasar Tibi ta wajen Vandeikya, a faɗa Ogoja a Jihar Kuros Riba, sannan Ikom, Ugep, Akamkpa, Odukpani, sai Kalaba. Mai tasowa daga Yola ko Jalingo zai bi ta Wukari da Katsina-Ala ya haɗu da wannan hanya kafin Ogoja.

Rana ta biyu ce mai wuya, ko da yake a taswira ba ta fi ta farko tsawo ba. Daga Ikom zuwa ƙasa hanya ce ɗaya da ake zuwa da dawowa a kanta, kurmi ya rufe ta hagu da dama, kuma idan aka kusanci Akamkpa sai a haɗu da manyan motoci masu ɗauke da tsakuwa daga wuraren fasa dutse da ke yankin. Ramin da direba zai hango ya kauce masa da rani, da damina ruwa ne shimfiɗe a kansa, babu mai sanin zurfinsa sai taya ta faɗa. Dabarar da na koya ita ce in bar motar haya ta 'yan ƙasa ta shige gaba, in bi sawunta daga nesa, domin direban ya haddace kowane rami. Yana da kyau kuma a yi lissafin shiga Kalaba kafin la'asar sakaliya, saboda tuƙi cikin ruwa da duhu a wannan hanya ba abin da za a gwada ba ne. Kafin tasowa a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, ta fuskar lalacewa da ta fuskar tsaro, domin labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani.

Me ya kamata a duba a mota kafin a tashi?

Abu na farko shi ne waifa, kuma na sa ta a farko ne saboda ita muka fi mantawa. Robarta takan bushe ta tsattsage a zafin bazara da ƙurar hunturu, mai mota bai sani ba, sai ya wuce Ogoja ruwa ya tsuge, ya kunna ta ya ga tana shafa laka a gilashi maimakon sharewa. Haka ya faru da ni a tafiyata ta biyu, na tsaya a gefen hanya kusan sa'a guda ina jiran ruwa ya lafa, alhali kuɗin sabuwa bai taka kara ya karya ba. Bayan ita sai tayoyi, domin tayar da ta suɗe tana santsi a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai birki, fitilu, batir, safaya da jak. A tabbatar iskar da ke share hazon gilashi daga ciki tana aiki.

Takardun mota, lasisi da inshora su kasance cikakku, a saka su cikin leda, tare da abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Shingaye suna da yawa, kuma lambar motar Arewa tana jawo tambayoyi, sai a amsa da fara'a a wuce. Idan kuma aka tarar ruwa ya shanye titi, kada a kutsa sai an ga ƙaramar mota irin taka ta haye lafiya, domin injin da ya sha ruwa gyaransa ya fi kuɗin tafiyar gaba ɗaya.

Ya fi kyau a sanar da aboki, ko a yi masa zuwan ba-zata?

A sanar da shi, kuma tun da mako biyu ko uku. Zuwan ba-zata yana da daɗi a labari, amma mutumin da kuka rabu yana saurayi mai ɗaki ɗaya, yau magidanci ne mai 'ya'ya a makaranta, mai shago ko ofis da ba zai rufe ba don ka zo. A faɗa masa ranar isowa, yawan mutanen da ke tafe, da ranar komawa. Wannan ta ƙarshen ita ce mutanenmu ke jin kunyar faɗa, alhali ita ce ke kwantar wa uwargida hankali, domin ita za ta yi lissafin cefane da wurin kwana. Idan abokan sun fi ɗaya, a gaya wa kowa cewa za a je wurin ɗan'uwansa, kada wani ya ji labarin zuwanka a bakin wani.

A gidan abokin za a sauka, ko a otal?

Ya danganta da gidan da kuma irin amincin. A unguwar Bogobiri, inda Hausawan Kalaba suka fi taruwa, gidaje a matse suke, mutane da yawa haya suke yi, kuma da damina babu zancen a shimfiɗa wa baƙo tabarma a tsakar gida ko a ƙofar gida kamar yadda za a yi a Zariya. Abokinka ba zai taɓa ce maka babu wuri ba. Zai tashi 'ya'yansa daga ɗakinsu ya ba ka, ya ce ai gida naka ne. Idan kai kaɗai ne kuma kwana ɗaya ne ko biyu, ka karɓa, domin ƙin karɓar zai yi masa ciwo. Idan da iyali kake tafe, ka kama masauki kusa da shi tun kafin ka iso, ka shaida masa cewa an riga an biya, sannan ka yini a gidansa ka ci abincinsa safe da dare. Ta haka ya yi maka karamci, kai kuma ba ka takura shi ba.

Wace tsaraba ce ta fi dacewa, kuma yaya ake kare ta daga danshi?

Bahaushen da ke zaune a Kalaba yana samun shinkafa, wake, albasa da nama a kasuwa, abin da yake kewa shi ne ɗanɗanon gida: kuka mai kyau, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man shanu, yajin da aka daka a gida, gero, zuma, aya, dabino da kilishi. Ga uwargida babu abin da ya kai turaren wuta, domin ɗakunan can suna riƙe warin laima, kuma tufafin da aka ajiye a akwati sukan yi fumfuna. Abokai 'yan ƙasa kuma kilishi suka fi tambaya, sai hula da yadin shadda.

A nan ne nake da gargaɗi. Kilishin da zai yi wata biyu a Kano bai canza ba, a Kalaba cikin 'yan kwanaki yakan saki, ya yi laushi, fari-fari ya fito masa. Na taɓa kai shi a naɗe cikin takarda kamar yadda aka saya, na ajiye kason wani aboki har kwana huɗu ina jiran ya dawo daga tafiya, da na buɗe sai kunya ta hana ni miƙa masa. Don haka a ɗaure duk busasshen abu cikin leda biyu ko roba mai murfi, a raba tsarabar a ranar farko, a kuma gaya wa wanda aka ba cewa kada ya yi ajiya.

Idan ruwa ya hana fita, me za a yi da ranar?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini cikin damuwa, kuma ita ce nake ganin an fi yin kuskure a kanta. A tafiyata ta ƙarshe na tsara cewa ranar farko zan zaga gari da safe, in leƙa abokina na Bogobiri da yamma. Ruwa ya fara tun kafin asuba, sai na ce bari in je mu gaisa kafin ya ɗauke. Da na yi sallama ya fito da lema, ya dube ni ya ce, “Alhaji, ashe rai kan ga rai? Ya ruwa?” Na ce ruwa ya yi gyara. Ya yi dariya ya ce yau kwana biyar ke nan yana gyaran.

Muka zauna a barandar da ba ta fi taku huɗu ba, an jera bokitai uku a bakin indararo suna tarar ruwa, ƙarar kwanon rufi ta sa sai mun matso kusa muke jin juna. Uwargidansa ta aiko da shayi da ƙosai, daga baya ta aiko da tuwo da miyar kukar da na kawo. Sa'a ta farko ta tafi a tambayar mutane, wane yana ina, wane ya yi aure, wane ya riga mu gidan gaskiya. Sai bayan azahar, da labaran sama-sama suka ƙare, ya fara ba ni labarin shekarar da kasuwa ta karye masa, da rashin mahaifiyarsa da bai samu jana'izarta ba saboda nisan hanya, da tunanin da yake yi na mayar da 'ya'yansa gida karatu domin Hausarsu ta fara gauraya. Mun shekara goma sha muna gaisawa a waya, bai taɓa faɗa mini ko ɗaya daga ciki ba. Da a ce rana ta fito a wannan yini, da na sha ruwa na miƙe bayan minti arba'in na tafi ɗaukar hoto a bakin kogi.

Saboda haka shawarata ita ce kada a cika jadawali. A ware wa kowane aboki yini guda, a ɗauki abu ɗaya tak da ake son gani a gari, idan ruwa ya ba da dama a je, idan bai bayar ba a zauna.

Yaya batun abinci a gidan abokin da ba Musulmi ba?

Mutanen Kalaba, musamman Efik, sun yi suna a girki a duk Najeriya, kuma ƙin cin abincinsu babban rashin kyautawa ne a idonsu. Miyar edikang ikong da ta afang ganye ne da manja da kifi da nama, ana cin su da teba ko sakwara, ekpang nkukwo kuma gwaza ce da ake gogewa a naɗe cikin ganye a dafa. Abin lura shi ne nama. A faɗa wa abokin tun a waya, cikin ladabi, cewa kifi ya wadatar, ko kuma a sayo naman daga mahautan Hausawa. Mafi yawansu sun san wannan, kuma mahaifiyar wani abokina da kanta take aikawa Bogobiri a sayo naman da za ta dafa mini. Akan zuba ƙananan dodon koɗi na ruwa a miya, wanda bai saba ba sai ya ture su gefe ba tare da yamutsa fuska ba. A gidajen sayar da abinci kuma a tambayi irin naman, domin akwai wuraren da ake sayar da naman kare, wanda ake yi wa laƙabi da 404, da naman daji.

Sallah fa?

Matafiyi yana yin ƙasaru a hanya, kuma a mazhabar Malikiyya yana ci gaba da yi matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, sai dai idan ya bi limami mazaunin gari sai ya cika. Akwai masallatai a Bogobiri, har da na Juma'a. Alƙiblar Kalaba ta fi ta Kano karkata zuwa arewa, kuma ranar da za a gane gabas da ita takan ɓuya, don haka a tambayi mai gida.

Da wane harshe ake mu'amala?

Turanci da Turancin buroka sun isa ko'ina, a Bogobiri kuwa Hausa ce kamar kana gida. Amma kalmomi kaɗan na Efik suna buɗe fuska: emesiere ita ce gaisuwar safe, sosongo ita ce godiya, ana kiran dattijuwa Mma, dattijo kuma Ete. Idan an kira ka aboki ko Malam a kasuwa, galibi ba da raini ba ne.

Idan ruwa ya lafa, ina ya cancanci zuwa?

Gidan tarihi na Old Residency shi ne na farko. Ginin katako ne da aka ƙero a Birtaniya aka harhaɗa shi a kan tudu a 1884, tun lokacin da Turawa ke mulkin yankin daga Kalaba, kafin a mayar da hedikwatar Kudancin Najeriya zuwa Legas a 1906. A cikinsa akwai tarihin cinikin bayi da na manja, kuma tunda a rufe yake, ruwa ba ya hana kallo. A Marina, bakin kogi, akwai wani gidan tarihin cinikin bayi. Makarantar Hope Waddell, wadda aka kafa a 1895 kuma Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a cikinta, tana nan tana aiki, kabarin Mary Slessor, 'yar mishan ɗin da ta yi yaƙi da kashe tagwaye ta rasu a 1915, shi ma yana cikin garin. Kasuwar Watt ta cancanci shiga, amma da takalmin roba, kada a je da na fata. An hana acaɓa a cikin gari tun 2009, don haka a bar mota a masauki a shiga tasi tare da mai gida, shi ya san titunan da ruwa ke kwanciya.

Idan aka tarar abokin ya canza, hira ta ƙi tafiya fa?

Yakan faru, kuma ba laifin kowa ba ne. Akwai abokin da na ɗauki ɗokin ganinsa tun daga Makurɗi, da muka zauna sai na ga ba mu da abin faɗa bayan tuna tsohon shugabanmu na wurin aiki da dariyar abubuwan da suka wuce. Na gaishe da iyalinsa, na ba yara tsarabarsu, muka ci abinci, na yi sallama bayan sa'a biyu, kuma har yau muna gaisawa da Sallah da Kirsimeti. Abin da nake gujewa shi ne siyasa a zaman farko, da tambayar abin da mutum ya tara, da yawan ba da labarin nasarar kai a gidan wanda ba a san halin da yake ciki ba. Wanda kuma ka ga alamar yana cikin matsi, ka damƙa abin da za ka bayar a hannun yara ko uwargida lokacin tafiya, da sunan kuɗin alewa, kada ka miƙa masa a gaban mutane.

Akwai abin kula ta fuskar lafiya?

Sauro yana da yawa, a tafi da gidan sauro ko maganin shafawa, kuma duk wanda ya ji zazzaɓi a can ko bayan dawowa ya je a gwada jininsa. A ɗauki tufafi fiye da lissafin kwanaki, masu sauƙin bushewa, domin babbar rigar da aka wanke ranar Litinin tana iya kaiwa Laraba da danshinta.

Yaya ake shirin komawa?

A yi ban kwana da kowa tun daren, domin fita da asuba ce ke sa a wuce Ikom da hantsi a kai Makurɗi da sauran haske. A sha mai a cika tanki tun jiya. A bar wuri a but, saboda ba za a bar ka ka tafi hannu rabbana ba: za a kawo jarkar manja, garin kwaki, busasshen kifi, busasshen jatan lande, agada da kwakwa, a Ikom kuma ayaba tana da araha a bakin hanya. Jarkar manja a sa leda a bakinta kafin a ɗaura murfi, a tsayar da ita cikin bokiti, a tokare ta da kaya, domin tawa ta kife a wani rami tsakanin Ugep da Ikom, kuma shimfiɗar but ɗin har na sayar da motar ja take. Idan an isa masaukin dare a kira mai gida a shaida masa, idan an isa gida a sake kira, a ce a miƙa wa uwargida waya a yi mata godiya da bakinka.